Kare Mai Ƙafa Uku a Ƙofar Maɗori

Yanzu na iso kan maganar da kuka daɗe kuna kewayawa. Tun kuna ƙanana kuke ganin Kawu Isyaku yana zuwa cin kasuwar Yelwa, ya wuce ta ƙofar gidanmu bai ko waiga ba, in kun tambayi mahaifiyarku ta ce ku tafi wasa. Na san abin da aka gaya muku a gidajen biki, don ni ma kunnena ba a toshe yake ba: wai ubanku ne ya kashe gidan kakanku saboda kare. To, kare dai yana cikin maganar, ba zan musa ba. Amma tunda an ba ku rabi, ku zauna in ba ku sauran. Wanda zai yi dariya ya yi tun yanzu, don gaba babu ita.

A shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ce mu 'yan jihar Kebbi ne, ina malamin asibitin dabbobi a Yelwa. Ni ba likita ba ne, kada wani ya ƙara mini girma bayan raina. Aikina in yi wa shanu allura, in buɗe bakin akuya, in riƙe abin da Dakta ya ce in riƙe. Likita ɗaya gare mu a duk yankin, mutum mai ƙarancin magana da yawan shan shayi. Kare kuwa sai mu yi wata da watanni ba a kawo mana ko ɗaya ba. Wa zai ɗauki kare ya kai asibiti a Yawuri? In ya warke ya warke, in ya mutu a ja shi bayan gari.

Kakanku Baba Manu maɗori ne, ɗan maɗori, jikan maɗori. Garinsu na asali wani tsibiri ne a tsakiyar kogin Kwara da ruwan madatsar Kainji ya haɗiye, aka kwaso su aka zube a wata tunga a bakin tafki, ta hanyar Ngaski. Gonaki sun tafi, kaburburan iyaye sun tafi, abin da suka haye da shi kawai sunan gidan. Sunan kuwa ba ƙarami ba ne. Daga Shanga, daga Wara, har daga tsallaken ruwa, a jirgi ake kawo masu karaya a kwantar a zaurensa. Abin da ya fi jawo mutane shi ne maganar da kowa ya sani, cewa ba a taɓa yanke gaɓar wanda ya shiga hannun mutanen gidan ba. Wanda likita ya ce za a yanke masa ƙafa, 'yan'uwansa sukan sato shi daga gadon asibiti su kawo wa Baba. Ya ja ƙashi, ya shafa man kaɗanya, ya jera karare ya ɗaure, ya yi tofi. Da yawa sun tashi da ƙafafunsu, wannan na gani da idona. Waɗanda ba su tashi ba, a ce kwana ya ƙare. Ni da nake surukinsa kuma mai aikin gwamnati ban taɓa sa masa baki a sana'arsa ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Malamin Shanu yake ce mini, in yana cikin nishaɗi ya ƙara da cewa 'yarsa ta rasa wanda za ta aura sai mai warin garke.

Karen sunansa Duna. Wani manomi Bakambare daga tuddan Ngaski ne ya kawo shi yana kwikwiyo, godiyar ɗorin da aka yi wa matarsa. Inna Kulu, kakarku, ta ce ba a gidanta ba. Baba ya ce a zaure zai zauna, gadin bandar kifi zai yi, kuma malamai ba su hana karen gadi ba. Kwikwiyo ya girma ya zama wani ƙaton baƙin kare, dogo, mai faɗin ƙirji. Bandar kifi ba ta dame shi ba, Baba ya zaɓa. In Baba zai shiga daji neman saiwa da sassaƙe, Duna na gaba. In yana ɗori, Duna na kwance a bakin zaure, majinyaci na kurma ihu shi ko kunne ba ya kaɗawa. Har ya zama alamar gidan: baƙo in ya sauka daga jirgi yana tambayar gidan maɗori, sai a ce ya bi gaɓa har ya ga zaure mai baƙin kare. Baba ba mai wasa da yara ba ne, ku tambayi mahaifiyarku ko ya taɓa ɗaukarta. Amma na sha iske shi yana yi wa karen nan magana ƙasa-ƙasa, irin wadda Inna ta ce ya daina yi da mutane tun da ruwa ya ci garinsu.

Da bazarar shekarar nan Duna ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu, sai ga ɗan kumburi sama da wuyan ƙafar. Baba ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya ce targaɗe ne, ya ja, ya shafa, ya ɗaure da karare kamar yadda yake yi wa mutum. Ya kwance, kumburi ya ƙaru. Ya ce to tsagewar ƙashi ce, ya sake ɗaurewa. Duk wannan a bayan gida yake yi, cikin rumfar banda, don kada masu jinya su gani. Inna Kulu, wadda ta ce ba a gidanta ba, ita ce ta aiko wa mahaifiyarku saƙo ta bakin mai jirgi: a gaya wa Malam ya zo, kare ya hana kowa sakat da kuka, tsoho kuma ya daina cin tuwo.

Na je da hantsi. Na tarar da Duna kwance kan wata tsohuwar koma ta kamun kifi, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Kumburin ya kai mangwaro girma, ga tauri, ga zafi. Ina taɓawa, karen da bai taɓa yi mini gurnani ba ya kai mini cizo, sannan ya sunkuyar da kai. Baba na tsaye, hannuwansa a baya.

"Malamin Shanu, wanga ba karaya ba ce," ya ce. "Karaya baki biyu gare ta, hannuna shina jin su. Wanga ba shi da baki. Mi ka gani?"

Na ce masa ban tabbata ba, amma ina tsoron abin da nake zato, ya bar ni in kai wa Dakta. Ya yarda, da sharaɗin a rufe karen da buhu a cikin jirgi. Sai kuma na ga ya ɗauko hularsa ya biyo mu.

Dakta ya shafa, ya matsa, ya ce ciwon daji ne na ƙashi, yana kama manyan karnuka in sun fara tsufa. Don a tabbatar, ya roƙi wani abokinsa mai ɗan asibitin kansa da ke da injin ɗaukar hoton ƙashi. Aka shigar da mu ta ƙofar baya da yamma, bayan marasa lafiya sun watse, ni na wanke teburin da sabulu bayan mun gama. Da hoton ya fito Baba ya karɓa, ya fita waje, ya kara shi da rana. Mutumin da ya tsufa yana haɗa ƙasusuwa da yatsunsa, ranar ya fara ganin ƙashi a jikin mai rai. Ya bi da yatsa daga sama, inda ƙashin yake fari sumul, har ya iso inda ya rududduge kamar azarar da gara ta ci. Ya daɗe a wurin. Sannan ya ce babu abin da za a haɗa a nan, kuma ba tambaya yake yi ba.

Dakta ya ja ni gefe ya ce surukina ne, ni na san yadda zan gaya masa. Muka zauna kan benci a gindin dogon yaro, Duna a ƙasa tsakaninmu. Na ce, Baba, hanya uku ce. Ko a bar shi haka, kuma wannan ita kaɗai nake roƙon kada ka ɗauka, don ciwon gaba yake yi, wata rana ƙashin zai karye da kansa. Ko a yi masa allurar da zai yi barci ba zai farka ba, kuma wannan ba mugunta ba ce. Ko a yanke ƙafar daga kafaɗa. Na gaya masa kare yana tafiya da ƙafa uku, har gudu yana yi, kuma ba ya jin kunyar da mutum ke ji. Sannan na gaya masa abin da ya fi mini nauyi, wanda zuciyata ta so in ɓoye: yankan ba warkewa ba ne. Irin ciwon nan kafin a gane shi yawanci ya riga ya aika iri zuwa ƙirji. Abin da wuƙa za ta ba shi shi ne kwanakin da babu azaba, wataƙila zuwa kaka, wataƙila a wuce, Allah kaɗai ya sani. Ya tambaye ni in ni ne me zan yi. Na daɗe a aikin nan, na san mai dabba in ya yi wannan tambayar so yake a ɗauke masa kayan daga kansa.

"Baba, ba zan zaɓa maka ba," na ce. "Kai ka san shi, kai ka san gidanka. Amma duk wadda ka ɗauka, ina tare da kai har ƙarshenta."

Washegari a gidan Baba aka yi zaman maganar bayan la'asar. Kawu Isyaku shi ne babban ɗa, shi zai gaji sana'ar, lokacin ma rabin ɗorin gidan shi ke yi, ga mata ga 'ya'ya. Kada ku ɗauke shi mugu, abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma da ladabi ya faɗa, a durƙushe.

"Baba, kare mai ƙafa uku a ƙofar maɗori? Wanda aka sato daga asibiti don gudun wuƙa, abin da zai fara gani ke nan in an sauke shi? Ruwa ya ci mana komi, sunan ga kaɗai ya rage. A yi mishi allurar, a huta."

Inna Kulu ta ce ita ba ruwanta da kare, ƙafa uku ko tara, a yi abin da zai sa tsohon nan ya koma cin abinci. Wasu maƙwabta kuma sun riga sun yanke nasu hukuncin: jifa ce aka yi wa maigida ta faɗa kan kare, in aka yanke ƙafar za ta koma kan shi maigidan. Ni ne na kawo abin da na ɗauka dabara ce. Na ce in Baba ya zaɓi yankan, a yi a Yelwa, karen ya zauna gidana, a ce wa mutane an mayar da shi kan tudu wajen masu shi. Isyaku ya ce in haka ne shi ba shi da ta cewa. Baba bai ce komai ba, ya tashi ya tafi alwala.

Bai ba da amsa ba ranar, bai ba da amsa ba makon. Na riƙa zuwa da ƙwayoyin rage zafi, in tura cikin ɗan kifi in ba Duna, sannan in zauna da Baba a bakin ruwa. Ban taɓa ce masa ya hanzarta ba, ko da yake kukan karen yana ci mini rai. Yakan nuna mini wani wuri a tsakiyar tafki ya ce a nan masallacinsu yake, a can rijiya, ni ba na ganin komai sai ruwa. Sai can ya jefo tambaya. Zai ji wuƙar? Ba zai ji ba, barci zai yi. In ya farka zai nemi ƙafar? Zai yi ƙoƙarin takawa ya faɗi, sau da yawa ma, sannan ya gane. Zai san ni ne na sa? Na ce abin da zai sani kawai shi ne ciwon ya tafi. Wanda ban sani ba nakan ce ban sani ba, kuma na lura wannan ya fi kwantar masa da hankali fiye da sauran amsoshin.

Duna ne ya ƙarasa maganar. Wata safiya muna zaune sai ga shi ya fito daga rumfar banda, ya ɗage ƙafar mai ciwo sama, yana tsalle da sauran ukun, yana haki, har ya iso bakin zaure ya zube a wurin kwanciyarsa. Baba ya dube shi, ya dube ni.

"Ai shi ya riga ya bar ƙafar," ya ce. "Mu ne ke riƙe da ita. Gaya ma Daktanku shi wasa wuƙa."

Ranar aikin Baba ya riƙe kan Duna har allura ta ɗauke shi, sannan ya fita ya zauna kan bencin nan. Ni ina ciki ina miƙa wa Dakta kaya, amma nakan leƙo in ce masa an wuce kaza, numfashi lafiya, saura ɗinki. Da aka gama ya nemi a ba shi ƙafar. Ya naɗe ta a ƙyalle, ya ari fartanyar mai gadi, ya rufe ta a bayan asibitin. Na so in karɓi fartanyar ya hana ni.

Aka kawo Duna gidana yadda na tsara, aikin kuma ya yi kyau. Mahaifiyarku, Allah ya saka mata, ta shimfiɗa tsofaffin tabarmi a kan siminti don kada ya zame, maƙwabta na ta gunaguni wai malamin gwamnati ya mayar da gidansa ɗakin jinyar kare. Duna ya faɗi, ya tashi, ya faɗi, kafin a cire zare yana zagaya tsakar gida. Kukan ya tsaya cak. Amma ya ƙi abinci. Na ba shi kifi, na ba shi nama, na dama masa fura, sai ya shinshina ya kau da kai, ya koma ya kwanta yana fuskantar ƙofa. Na lissafa komai a dabarata ban da wannan. Ga ciwo ya tafi, ga kare yana mutuwa a hannuna da yunwa, kuma kunya ta hana ni aikawa tunga.

Ranar kasuwa Baba ya zo da kansa. Bai ko gama sallama ba Duna ya miƙe, ya ruga, ya kife a bakin ƙofa, ya sake miƙewa, ya cusa kai tsakanin gwiwoyinsa. Baba ya gutsuro kifin da aka ƙi tun safe ya miƙa, kare ya cinye har yana lasar ƙasa. Mahaifiyarku ta shige ɗaki tana share ido. Baba ya ce gida za su. Na ce to ya bari magariba ta kawo jiki, in nemo buhu, in yi magana da mai jirgin da na yarda da shi. Na tuna masa abin da aka yi alkawari da Isyaku. Ya ce Isyaku da ni muka yi alkawari, shi bai ce komai ba ranar, kuma ba sata ya yi ba da zai jira duhu.

Daga gidanmu zuwa tashar jirgi sai an ratsa tsakiyar kasuwa, kun sani. Rana tsaka, Baba a gaba, Duna na tsalle a bayansa da kafaɗa askakkiya da tabon ɗinki, ni a gefe ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Babu wanda bai san Baba Manu ba a Yelwa, babu wanda bai san karen ba. Masu kifi suka daina ciniki. Wani daga rumfar masu gishiri ya ɗaga murya, da wasa-wasa, ya ce Maɗori ina ƙafa guda? Baba ya tsaya, ya juyo, ya amsa yadda kowa zai ji.

"Ta gagare ni."

Kafin jirage su koma tungayensu da yamma, maganar ta riga su isa. Ba a daina zuwa rana ɗaya ba, a hankali abin ya tsiyaye. Aka fara ratsewa da majinyata zuwa wani maɗori a tsallake. Waɗanda suka zo, in sun ga Duna a bakin zaure, sai ka ga dangi suna haɗa kai suna raɗa, wani lokaci su mayar da mutuminsu cikin jirgi. Isyaku ya daina amsa gaisuwata. Ya ce dama shiri ne, mu mutanen asibiti mun daɗe muna neman hanyar rufe gidajen ɗori, na samu ta kan kare. Wallahi ranar da na ji wannan sai da na tashi zan mare shi, mahaifiyarku ta riƙe mini riga. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, amma na san yunwar 'ya'yansa yake hange.

Duna kuwa ya yi damina irin wadda bai taɓa yi ba. Ya yi ƙiba, gashinsa ya dawo yana sheƙi, ya koyi faɗawa cikin jirgi da tsalle ɗaya, ya koma korar kajin Inna har tana zaginsa kamar da. Suna shiga daji da Baba, ba nisa, Baba ya rage sauri don su jera. Tsoho ya koma cin tuwo. Nakan zo in sa kunne a ƙirjin karen, Baba na kallon fuskata, in ce lafiya, ya ce madalla, ba ma ƙara komai. Bayan an yanke shinkafa tari ya fara. Ban ɓoye masa ba, shi ma bai yi kamar bai gane ba. Da numfashi ya fara gagara, shi da kansa ya aiko a kira ni, ya ce in zo da ɗaya allurar. A bakin zaure muka yi, da safe. Mutumin da yake kaffa-kaffa da tufafin sallarsa ya ɗora kan kare a cinyarsa yana shafa kunnen, yana maganar nan tasa ƙasa-ƙasa, har jikin ya saki. Ƙasa ta bushe lokacin, Inna Kulu ce ta ɗebo ruwa a tulu tana zuba masa yana haƙa. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye muku ba. A hanyar raka ni jirgi na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce kare ya yi barci damina guda, shi ma ya yi.

Isyaku ya sa rai tunda kare ya kau mutane za su manta, kuma kamar za a yi hakan. Ba a daɗe ba aka kawo wani masunci daga wajen Shanga, sunansa Labbo, farfelar injin jirgi ta farfasa masa ƙwauri. An kai shi asibiti an ce sai yanka, 'yan'uwansa suka sato shi. Ina gidan ranar, na kawo mahaifiyarku ganin Inna. Tun kafin a shigo da shi wari ya riga shi shiga zaure. Isyaku har ya fara fere karare, fuskarsa ta saki a karon farko cikin watanni. Baba ya kwance tsumman, ya duba, ya matsa yatsun da suka yi baƙi, ya tambayi Labbo ko yana ji. Ba ya ji. Baba ya mayar da tsumman ya rufe, ya ce a mayar da shi inda aka ɗauko shi, yau, kada a kwana.

Uwar Labbo ta ɗora hannu a ka. Yayansa ya ce su an gaya musu a gidan nan ba a yanka. Isyaku ya zube a gaban ubansa yana roƙo, ya ce a bar shi ya gwada, sun tayar da waɗanda suka fi wannan, in aka mayar da mutumin nan gidan ya mutu ke nan. Baba bai dube shi ba. Ni ya duba, kuma ranar ce kaɗai a rayuwarsa ya kira ni da sunana.

"Garba, bi su. Zauna da su yadda ka zauna da ni. Kada ka ɓoye musu komi."

Na bi su. Na zauna da uwar da yayan a kan benci, na amsa abin da na sani, wanda ban sani ba na ce ban sani ba. Aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa, Labbo ya rayu. Shi ne mutum na ƙarshe da aka sauke a zauren kakanku. Kafin wata ya mutu Isyaku ya kwashe iyalinsa ya haye tsallake ya kafa nasa ɗorin, zaure ya zama wurin ajiye koma da gora. Baba ya ƙarasa shekarunsa yana ɗan saƙar raga yana cin abin da muka aika.

Labbo kun san shi, ko ba ku san sunansa ba. Shi ne gurgun nan mai sanda da yake sayar da ƙugiya da zare kusa da tashar jirgi, 'ya'yansa duk bayan yankan ya haife su. Bai taɓa zuwa gaida Baba ba. Duk wanda ya tambaye shi abin da ya sami ƙafarsa, sai ya ce an kai shi gidan Manu maɗori, tsoho ya kasa, ya sallama shi ga masu wuƙa. Shekara da shekaru yana faɗin haka a tsakiyar kasuwa. Wata rana na ji da kunnena, na taho tunga a fusace, na tarar da Baba a bakin ruwa, ya tsufa ƙwarai lokacin. Na ce masa zan je in ja wa mutumin nan kunne, wannan butulci ya isa, da ba don kai ba da tuni ƙasa ta cinye shi.

"Bar shi shi faɗa, Malamin Shanu, gaskiya ce. Akwai waɗanda ban kasa ba. Na riƙe su kan tabarmar zauren can har aka fitar da su a makara da ƙafafunsu biyu, aka yi ta yabona. Su ba su cewa komi."